Rubutun Ƙarƙashin Kujera

Kafin ku fara yi min faɗa a ƙasan wannan rubutu, ku bari in riga ku, don na fi kowa sanin inda na ɓata. Mutum biyu na yi wa ƙarya, kuma su ne waɗanda na fi so a duniya: Ummata, da mutumin da nake so in aura. Wadda ta san ba ta taɓa yi ba, Allah ya ƙara mata tsarki, ta matsa gefe ta ba mu wuri mu masu laifi mu yi magana.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, ni malamar Turanci ce a ajin manya, shekarata ashirin da biyar. Ajinmu wani dogon ɗaki ne a saman shagon fenti: benci shida, allo ɗaya da ya ƙoshi da alli, sai fankar da ta fi ba da ƙara a kan iska. Ɗalibaina duk sun girme ni. Akwai direbobi, akwai teloli, akwai masu shago, suna shigowa ƙarfe huɗu da rabi kowa da warin sana'arsa a riga.

Shi kuma kafinta ne. A aji ana ce masa Mai Fensir, saboda ba a taɓa ganin kunnensa na dama babu wani faffaɗan fensir na masu aikin katako ba, kuma da shi yake min aikin gida duk birukan da na ba shi. Dogo ne marar hayaniya, kullum da garin katako a girarsa komai wankan da ya yi. Ya shigo ajin ne don ya iya karanta takardun da ke zuwa tare da injinan aikinsa. Yadda muka tashi daga gyaran jimla da jan biro muka koma hira a waya, wannan tsohon zance ne. Abin da ya kamata ku sani shi ne ya zo gidanmu ya gaida Umma, ta ba shi shayi a kofin da take ɓoyewa a saman kabad. Wanda ya san Ummata ya san wannan ba ƙaramar shaida ba ce.

Wata biyar da suka wuce, ina zaune a bencin ƙofar shagonsa, ya ajiye zarto ya ce, "Malama, akwai maganar da ya kamata ki ji kafin tafiya ta yi nisa."

Na ce, "In dai mata ce da 'ya'ya huɗu, ka faɗa da wuri in nemi abin hawa."

Bai yi dariya ba. Ya ce ciwon zuciya gare shi, tun yana yaro, yanzu kuma ya fara matsa masa. "Likita ya ce wata ƙofa ce a ciki ba ta rufuwa daidai. Ni da nake gyara wa mutane ƙofofi, ga tawa ta saki, kuma gudumata ba ta kaiwa wurin."

Kun san me na ce? Na ce rai na Allah ne. Na ce mai lafiya ma faɗuwa yake yi ya mutu. Na zuba masa wa'azi kamar ba shi ne mai ciwon ba. Duk gaskiya na faɗa, amma ba don imani na faɗe ta ba, don in toshe kunnena ne. Da zan tafi ya ce in gaya wa Umma. Bayan sati ya sake tambaya. Bayan wani satin ya ce in ba zan iya ba, shi zai je da kansa. Sai kawai na ji bakina ya ce, "Ai na gaya mata. Ta ce Allah ya ba ka lafiya."

Ya lumshe ido ya ce, "Alhamdu lillahi." Wannan ita ce ƙarya ta farko, kuma har yau in na tuna yadda kafaɗunsa suka sauka sai in ji kunya ta rufe ni.

To, ana nan sai ranar da muka zo kan wata kalma a littafin aji. Na rubuta ta a allo da manyan haruffa: outlast. Na ce musu ana amfani da ita ne idan abu biyu suka taho tare, ɗaya ya ƙare ko ya lalace, ɗayan yana nan daram. Ana faɗa a kan kaya, kamar batirin da ya fi ɗan'uwansa daɗewa. Ana faɗa a kan mutum da wahala, idan wahalar ta gaji ta tafi ta bar shi tsaye. Ana kuma faɗa tsakanin mutum da mutum.

Wani direba mai bakin tsiya ya ɗaga hannu. "Ashe ganin baya ke nan! Malama, rubuta min wannan da Turanci: surukata ta ga bayan maza uku, yanzu ni take harara."

Aji ya tuntsire. Na jira suka lafa, na ce masa ba daidai ba ne. Ganin bayan mutum akwai gaba a ciki, kamar kana da hannu a tafiyarsa. Ita wannan kalmar ba ruwanta da gaba. Ba ka ture kowa ba, ba ka yi wa kowa fatan sharri ba, kai dai ka waiga ka ga kai kaɗai ka rage.

Daga bencin ƙarshe na ji muryarsa. "Malama, wanda ya ragen, shi ne ya ci?"

Ina goge allo, ko juyowa ban yi ba na ce, "Shi ne mana. In ana gasa ai wanda ya rage shi ke da kofi." Ya ce ya gode, ya sunkuya yana rubutu. Na koyar da kalmar nan ya fi sau ashirin, kuma kullum haka nake ba da amsa.

Yanzu bari in kai ku falonmu. A kusurwar da ke kusa da taga akwai kujerar Babana, ta katako mai hannu biyu, da matashi ruwan ƙasa da Umma ta sake wa riga ban san sau nawa ba. Ina shekara shida ya rasu. Shekara goma sha tara ke nan babu wanda ya zauna a kanta, har yayyena maza da suka yi gemu suka yi gidajensu. Ba doka aka kafa ba, kowa dai ya san ba a zama. Kullum da safe Umma sai ta goge ta kafin ta goge fuskarta.

A bana gara ta ci ƙafarta ta baya. Kafinta uku yayyena suka turo, Umma ta kore su tun daga ƙofa, wai hannunsu na masu fasa itacen girki ne. Amma da Mai Fensir ya durƙusa ya shafa ƙafar, ya kara kunne ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Umma, wanda ya yi kujerar nan ya san aiki, zan bi sawunsa ne kawai," sai ta ce ya ɗauka. Kwana tara ta yi a wurinsa. Da ya dawo da ita Umma ta zagaya ta sau biyu ba ta gane wace ƙafa ce sabuwa ba. Ranar har waƙa na ji tana yi a kicin.

Alhamis da ta wuce da hantsi, ina ɗaki ina gugar doguwar rigata mai ruwan toka da zan sa zuwa aji, na ji ta kira.

"Auta."

Ba ta ɗaga murya ba, kuma shi ya sa na san akwai magana. Na fito na same ta durƙushe a tsakar falo, tsumman goge ƙasa a gefe, kujerar kife ƙafafu sama. Ashe ta kifa ta ne don ta duba ko garar ta dawo. A ƙarƙashin mazaunin an ɗaure wani guntun katako da siririyar igiya, ga kuma rubutu da fensir, layi-layi, rubutun da ko a mafarki na gan shi zan gane.

Umma tana karanta Hausa sarai. Ta sa tabarau, ta bi da yatsa, ta karanta a fili:

"Ga wanda zai gyara bayana. Ƙafar hagu ta baya sabuwa ce, ukun na asali ne. Babu ƙusar ƙarfe ko ɗaya, kada ka buga. Ka jiƙa gam ɗin da ruwan ɗumi, za ta fita da kanta. Ga ragowar katakon nan na ɗaure maka don launi ya zo ɗaya. Ka bi ta a hankali, ana ji da ita a gidan nan."

Na yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "Kin gan shi ko, Umma? Ƙaƙale kamar tsohuwa."

"Saura layi ɗaya," ta ce. "Wannan yarenku ne. Me ya ce?"

Na sunkuya. Jimla ɗaya ce da Turanci, babu kuskure ko na ɗigo, da kalmar nan da na koya musu a tsakiyarta. Abin da ya rubuta shi ne kujerar nan za ta daɗe bayan shi ba ya nan.

Na ce, "Ya ce kujerar tana da ƙarko."

Ƙarya ta biyu ke nan. Malamar Turanci guda, mai takardar shaida a bango, ta rasa wanda za ta cuta a fassara sai uwar da ta biya mata karatun.

Umma ta cire tabarau. "Dube ni ki sake faɗa."

Na kasa. Tun ina ƙarama in na yi ƙarya sai in kama gefen mayafi ina murzawa, kuma da na duba hannuna na ga abin da yake yi ke nan.

"Mene ne ciwonsa?"

"Umma, wa ya ce miki..."

"Ba wanda ya ce min. Shekararsa talatin da biyu. Saurayi mai shirin aure ba ya rubuta wa wanda zai zo bayansa wasiƙa. Gani yake shi zai gyara, shi zai sake gyarawa. Mene ne ciwonsa?"

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Na zauna a ƙasa na faɗa mata komai, har da cewar da na yi masa wai ta sani. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta dafa gwiwa ta tashi, ta shiga ɗakinta, ta fito da wani tsohon gwangwanin madara da na sha gani a ƙasan akwatinta ban taɓa buɗewa ba. Ta juye shi a gabana. Makullai ne, sun kai goma sha biyar, kowanne da 'yar takarda an liƙa masa. Takardun sun yi ja, amma ana karanta rubutun: ƙofar baya, akwatin takardu, kwaɗon tankin ruwa, ɗakin ajiya.

"Rubutun Babanki ne," ta ce. "Wata huɗu kafin ya tafi ya fara. Ya kira ni ya nuna min inda ake rufe ruwan gida in famfo ya fashe. Ya koya min sauya abin wuta in ya ƙone. Ina yi masa tsiya, ina cewa tsufa ne ya zo masa da wuri. Yana dariya. Ashe likita ya riga ya gaya masa. Kowa ya sani, Auta, har abokan aikinsa. Ni da nake wanke masa riga ni ce ban sani ba."

Ban taɓa jin wannan ba. A gidanmu cewa ake yi Baba ya yi gajeriyar jinya.

"Kullum ina yi masa addu'a, kuma na yafe masa komai. Amma wannan ɗayan, in na ce ya bar min ciwo na yi ƙarya. Da ya faɗa min, da wata huɗun nan ban ɓata su a faɗan ya bar takalmi a hanya ba." Ta tattara makullan ɗaya bayan ɗaya. "Ga shi 'yar da na haifa ta maimaita min."

Na fashe da kuka na kama ƙafarta. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce abin da nake gudu tun wata biyar.

"Ban yarda ba. Ba don yana da aibu ba, yaron nan ko ni na haife shi sai haka. Amma ke ba ki san abin da kike nema ba. Kin ɗauka mutuwar ce abin tsoro? Mutuwa rana ɗaya ce, gida cike da mutane. Abin da ke bayanta shi ne aikin. Ki dafa shayi ki ga kin zuba kofi biyu. Ki ji abin dariya a rediyo ki juya ki ga bango. Takalminsa shekara biyu yana bakin ƙofa na kasa ɗagawa. Agogon da ya saya ya tsaya, rediyon ya mutu, abokansa sun bi shi ɗaya-ɗaya, ni ina nan. Mutane suna cewa Allah ya ba ni tsawon rai. Na gode wa Allah. Amma ba zan ɗauki 'yata da hannuna in sa ta a wannan layin ba."

Ranar na je aji da kumburarrun idanu, na ce musu mura ce. Bencinsa babu kowa, ya je kai aiki wani gida. Da na sauko daga bene na tsaya jikin shagon fenti na rubuta masa saƙo.

"Umma ta ga rubutun ƙarƙashin kujera."

Ya amsa nan take. "Subhanallahi. Shekara biyu ke nan duk abin da ya fita daga shagona sai na rubuta masa haka. Hannuna ne ya saba. Ta ji haushi na ɓata mata kujera?"

Na rubuta na goge ya fi sau biyar. A ƙarshe na tura: "Ban taɓa gaya mata ciwonka ba. Ƙarya na yi maka."

Na ga alamar ya karanta. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta sake ɓacewa. Mai shagon fenti har ya leƙo ya tambaye ni ko lafiya. Sai da aka yi minti ashirin saƙon ya shigo.

"Wata huɗu ina shan shayinta ina ganin ta san wanda take ba wa. Kin sa na ci amanarta ban sani ba, Malama."

Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Na rubuta masa haƙuri mai tsawon shafi guda. Amsarsa layi biyu ce: "Zan zo Asabar da safe in faɗa mata da bakina. Duk abin da ta yanke, shi ke nan."

Juma'a ta wuce ni da Umma muna zagaye juna a gida kamar baƙi. Kujerar tana nan kife, ba ta mayar ba, ni ma ban isa in taɓa ba.

Asabar ƙarfe goma ya yi sallama. Farar riga ya sa mai dogon hannu, an goge ta har tana ɗaukar ido, amma fensirin yana kunne, na tabbata bai ma san yana nan ba. Ni ina bakin ƙofar kicin da baƙin mayafi, na riƙe tire babu komai a kai. Ya durƙusa ya gaida Umma, bai tashi ba. A karon farko na lura da yadda yake numfashi bayan 'yan matakalar ƙofarmu uku kacal. Wata biyar ina kallon wannan ina ce wa kaina gajiyar aiki ce.

"Umma, na zo neman afuwa. Na ɗauka kin sani."

"Na san ba laifinka ba ne. Mai laifin ga ta can tana riƙe da tire kamar an aike ta." Ta gyara zama. "Tambayarka zan yi, kuma ba na son kwana-kwana. Me likita ya ce?"

"Ya ce magani yana riƙe ni, amma ba zai riƙe har abada ba. Akwai aikin da ake yi a sauya ƙofar. An yi min gwaji, jibi Litinin za su faɗa min ko jikina zai ɗauka. In zai ɗauka, ana sa ran shekaru masu yawa. In ba zai ɗauka ba, ya ce ba ya ƙidaya wa mutum kwana, amma kada in ɗauki aikin da zai kai shekara biyar."

Ban san da gwajin ba, ban san da Litinin ba. Ba ɓoye min ya yi ba. Duk ranar da ya ɗauko zancen asibiti sai in ce ya daina kira wa kansa, in sauya magana, har ya gaji ya daina.

Umma ta ce, "To me ka tanadar mata? Tebur da kujeru masu ƙarko, ta zauna tana goge su?"

Ya ce, "Ba ni da abin da zan ce a kan wannan, Umma. Na so in haƙura tun farko, zuciyar ce duk da lalacewarta ta ƙi. Abu ɗaya na iya alkawari: ba za ta taɓa jin labarina a bakin wani ba. In kin ce in tafi, zan tafi, kuma ba zan riƙe ki a rai ba."

Umma ta juya ga kujerar. Sai ta nuna rubutun da ƙafar tabarau. "Ka iya aiki, amma ka yi kuskuren adireshi. Ka zauna kana rubuta wa wani kafinta da ba ka sani ba. Wanda zai zo bayanka ba kafinta ba ne, ɗana. Ga ta can."

Ta juyo gare ni. "Zo nan."

Na ajiye tire na zo na durƙusa. Ban san daga inda tambayar ta fito ba, na dai ji ta a bakina. "Umma, da tun farko an gaya miki shekara goma sha huɗu kawai za ku yi da Baba, sannan ki yi goma sha tara ke kaɗai, da kin aure shi?"

Na ɗauka za ta ce ban da kunya. Ta kalli taga. Tunda nake ban taɓa ganin hawayen Ummata ba sai ranar.

"Da gudu," ta ce. "Ko takalmi ba zan tsaya sawa ba. Shi ya sa nake jin tsoro, don na san jinin wa ke jikinki."

Ta share fuska da gefen mayafi, ta miƙa masa hannu. "Ba ni abin kunnen nan." Ya shafa kunne da mamaki, ya ciro fensirin ya ba ta da hannu biyu. Ta ɗora min shi a tafin hannu.

"Ni ba a tambaye ni ba, ke ga shi ana tambayarki. Shekaranjiya na ce ban yarda ba, don na ga yarinya ce mai toshe kunne take son jan mutum zuwa aure. Waccan har gobe ban yarda da ita ba. In akwai wata a cikinki da ta ji duk abin da aka faɗa yau, ta kuma yarda wataƙila ita za ta rage, to ga wuri nan ƙarƙashin rubutunsa. Ki rubuta da Hausa, yadda ba mai fassara min. In kuma ba za ki iya ba, ki mayar masa da fensirinsa, babu wanda zai zarge ki, shi ma ba zai zarge ki ba."

"Wallahi ba zan zarge ki ba," ya ce, kansa a ƙasa.

Jama'a, ni da na kwana biyu ina shirya yadda zan yi yaƙi da Umma a kansa, sai ga shi an buɗe min ƙofa na kasa ɗaga ƙafa. Tsoro ya kama ni, tsoro na gaske, wanda na yi wata biyar ina rufewa da wa'azi. Na ga kaina ina zuba kofi biyu. Na ga takalminsa mai garin katako a bakin ƙofa. Na tuna amsar da na ba shi a aji ina goge allo, wai wanda ya rage shi ke da kofi, alhali ga mai kofin nan a gabana shekara goma sha tara ban taɓa tambayarta nauyinsa ba.

Sai na dube shi. Yana durƙushe yana ƙoƙarin ɓoye numfashinsa don kada ya sa ni tausayi. Na tambayi kaina wanne ya fi: in rasa shi wata rana, ko in rasa shi yau da hannuna. Fensirin yana da kauri, bai saba da yatsuna ba, rubutun ya fito a karkace kamar na 'yar aji ɗaya. Na rubuta: "Mai gyara na gaba ni ce. A koya min."

Umma ta sa tabarau ta karanta, ta sake karantawa. Ba ta yi murmushi ba, ba ta sa albarka ba.

"Rubutu ba wuya," ta ce. "Jibi ki shirya, tare za mu bi shi asibitin. Ki zauna gaban likita ki ji da kunnenki, ba sauya magana, ba murza mayafi. In kin fito daga ɗakin nan kina nan a kan abin da kika rubuta, a kira yayyenki. Kai kuma tashi ka mayar min da kujerar mijina yadda take, ta gaji da kifuwa."

Ya tashi ya kama hannun kujerar ɗaya. Kafin ya ɗaga na riga na kama ɗayan, muka juya ta tare muka ajiye a kusurwarta. Ta fi yadda nake zato nauyi.

Yau Lahadi. Na goge rigar da zan sa, na nemi wata malama ta riƙe min aji. Ɗazu ya turo saƙo: "Ƙarfe tara ne. Kin tafi min da fensir."

Na amsa masa: "Yana jakata. In likita ya fara magana, ni zan rubuta."